Daga Atina zuwa Kastelorizo: ta ruwa ko ta sama?

Baban Ilham (Zariya): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar Girka. Ina da taron ƙara wa juna sani a Atina farkon watan Satumba, za a tashi ranar Alhamis, jirginmu na komawa gida kuwa sai Laraba ta sama da daddare. Da Maman Ilham za mu tafi. Maimakon mu zauna a otal muna kallon juna, na ce mu leƙa wani ɗan tsibiri da ake kira Kastelorizo, can ƙurewar gabashin ƙasar, dab da Turkiyya. Hanya biyu na gani: ko babban jirgin ruwa daga tashar Pireyas da ke kusa da Atina, ko jirgin sama zuwa tsibirin Rodos sannan a sake hawa wani ƙarami. Wacce ta fi? Na kuma ji an ce daga tsibirin tafiyar minti 20 ce a jirgin fito zuwa garin Kash na Turkiyya, muna so mu je mu yini mu dawo.

Alhaji Na-Kwari (Kano): Wa alaikumus salam. Bazazzagi da teku? Kai da duk ruwan da ka sani a duniya bai wuce Kubanni ba. Ka zauna a Atina ka ɗauki hoto da tsofaffin gine-gine ka dawo mana lafiya.

Baban Ilham (Zariya): Alhaji, ai da Bakano ne da tambayar farko ita ce nawa ake sayar da yadi a tsibirin.

Injiniya (Pireyas): Wa alaikumus salam Malam. A nan Pireyas nake zaune, aikin injin jirgin ruwa nake yi, bari in faɗa maka yadda abin yake. Kastelorizo ba ya cikin tsibiran da ake zuwa a dawo da yamma. Daga Atina ya fi kilomita 500, daga Rodos ma wajen kilomita 125 ne zuwa gabas. Babban jirgin Blue Star da ke tashi daga nan ba kullum yake zuwa can ba, kamar sau biyu a mako, kuma tafiyar ta kusa kwana guda cur. Dalili shi ne jirgin kamar motar kasuwar ƙauye yake, duk inda ya ga fasinja da kaya sai ya tsaya: Kalimnos, Kos, Nisiros, Tilos, Simi, Rodos, sannan Kastelorizo a ƙarshe. Irin waɗannan hanyoyin Girkawa suna ce musu agoni grami, hanyoyin da ba sa kawo riba, gwamnati ce ke biyan kamfani tallafi don kada a yanke mutanen ƙananan tsibirai daga sauran ƙasa. Jirgin nan shi ke kai musu kayan abinci da siminti da iskar gas da wasiƙu.

Idan ka zaɓi ruwa, jiragen wannan yankin daga ƙofar E1 suke tashi, ita ce mafi nisa a tashar. Kada ka sauka daga jirgin ƙasa ka ɗauka ka iso. Akwai bas na kyauta a cikin tashar da ke kai mutane can, ka ba kanka lokaci. Kuma wajen sayen tikiti, idan ka rubuta Kastelorizo bai fito ba, ka rubuta Megisti, shi ne sunan hukuma.

Ɗan Maraɗi (Marsel): Injiniya, da girmamawa, amma mutumin da kwanakinsa ƙidayayyu ne ba zai ƙona yini da dare a kan ruwa ba, zuwa kawai. Atina zuwa Rodos awa ɗaya ce a sama, kuma jirage suna tashi sau da yawa a rana. Daga Rodos zuwa tsibirin, ƙaramin jirgi mai farfela bai kai awa ɗaya ba. In an yi sa'ar lokaci, ka karya kumallo a Atina ka ci abincin rana a bakin ruwan Kastelorizo. Lambar filin jirgin KZS ce.

Injiniya (Pireyas): Ai a nan maganar take, "in an yi sa'a". Titin saukar jirgin can bai wuce mita 800 ba, a kan tudu yake. Jirgin ƙarami ne, kujerun kaɗan ne, ba kuma kowace rana yake zuwa ba. Iska ta ɗan karkata, matuƙi ya ce ba zai sauka ba, shi ke nan sai wani jiƙon.

Ummi (Antaliya): Baba, kafin a yi nisa da maganar jirgi, don Allah ka buɗe fasfonka ka duba takardar bizar. Akwai gurbin da aka rubuta adadin shiga. Ko 01, ko 02, ko MULT, wato shiga sau da yawa. Ina karatu a nan Antaliya, Kash tafiyar awa uku zuwa huɗu ce daga nan a bas, kuma in ka tsaya a bakin ruwan Kash gidajen tsibirin kake gani ƙuru-ƙuru, su Turkawa Meyis suke ce masa. Kusancin ne yake ruɗin mutane. Kilomita 2 ne tsakaninsa da gaɓar Turkiyya, amma wannan ɗan ruwan shi ne iyakar ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Da ka hau jirgin fito an rubuta cewa ka fita. In bizarka ta shiga ɗaya ce, ta mutu ke nan. Da yamma kowa zai koma jirgi, kai za a ce ka tsaya, kayanka suna otal a can, tikitinka na gida yana Atina. Na san wani ɗalibi ɗan Afirka ta Yamma da hakan ta faru da shi, sai abokansa ne suka aiko masa da jakarsa. Sannan mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da bizar Turkiyya zai shiga Kash, bizar Girka ba ta wadatar.

Baban Ilham (Zariya): Subhanallah. Ummi, Allah ya yi miki albarka. Fasfon yana ofis, gobe in sha Allahu zan duba.

Sadiƙu Mai Waya: Ni na karanta cewa ana ba da biza a bakin tashar tsibirin ai, ta kwana 7. Ko ba haka ba ne?

Ummi (Antaliya): Yaya Sadiƙu, gaskiya ne akwai, tun 2024 aka fara a tsibirai 10 har da Kastelorizo da Rodos da Kos. Amma ta 'yan ƙasar Turkiyya ce kaɗai. Ko ni da nake da takardar zama a nan ba ta shafe ni ba.

Hajiya Maman Walid (Landan): Duk kuna ta lissafin awa da kilomita, babu wanda ya tambayi Maman Ilham ko ta taɓa hawa jirgin ruwa. Malam, ka tambaye ta. Idan tana jiri a mota, to ka sani na teku ya fi. Ni ra'ayina, in har ruwan za ku bi mai tsawon nan, ku kama ɗaki a cikin jirgin, mai gado da banɗaki. Tikiti mafi araha kujera ce kawai ko duk inda ka samu, za ka ga matasan Turawa sun baje a ƙasa cikin buhunan barcinsu har bakin matakala. Namiji zai iya lallaɓawa, amma matar aure da hijabinta ta kwana a tsakiyar mutane, ga alwala ga salla, wahala ce. Da ka haɗa kuɗin ɗaki na mutum biyu kuma, sai ka ga arahar da ake faɗa ta gudu. A sayi maganin jiri a kantin magani tun a Atina, a sha kafin jirgi ya tashi. Bayan amai ya fara ba ya aiki sosai.

Injiniya (Pireyas): Hajiya ta yi gaskiya. In ƙara da cewa babban jirgi ya fi ƙarami mai gudu kwanciya a ruwa nesa ba kusa ba. Wanda ke tsoron jiri ya guji masu gudun nan. Ya nemi tsakiyar jirgi, bene na ƙasa, in ya ji zuciya na tashi ya fita waje ya kalli inda sama ta haɗu da ruwa, ya ajiye waya.

Barista A. (Abuja): Ni tambayata daban. Me ya sa sai wannan tsibirin? Daga Pireyas, Egina awa ɗaya da 'yan mintoci ce. Idra ba ta wuce awa biyu ba, kuma ba a hawa mota a cikinta, jakuna da alfadarai ke ɗaukar kaya, ga gidajen dutse a bakin ruwa. Ka je da safe ka dawo da dare, ba ruwanka da fargabar jirgi. Mutumin da ke riƙe da koren fasfo, da bizar da aka ƙidaya masa kwanaki, bai kamata ya kai kansa inda hanyar fita biyu ce tak kuma dukkansu a hannun iska suke ba. Bature in ya maƙale, asarar kuɗin otal ya yi. Kai in ka maƙale har biza ta ƙare, sunanka ya shiga na'ura, gaba in ka nema sai ka yi bayani.

Kawu Malamin Tarihi (Katsina): Barista, bari in amsa maka a madadin Malam, don na fahimci abin da ya ja shi. Idra wurin shaƙatawar mutanen Atina ce. Kastelorizo kuwa gari ne da ya taɓa cika ya tumbatsa sannan ya zube. A ƙarshen ƙarni na 19 mutanensa sun kai wajen 10,000, masu jiragen ruwa na fatauci tsakanin Anatoliya da Masar, a ƙarƙashin Daular Usmaniyya. Yau mazauna ba su wuce 500 zuwa 600 ba. Faransa ta riƙe shi daga 1915, ta miƙa wa Italiya a 1921, girgizar ƙasa ta buge shi a 1926, a yaƙin duniya na biyu aka yi masa ruwan bama-bamai aka kwashe mutanen zuwa sansanoni har Falasɗinu, a 1944 kuma gobara daga ma'ajiyar mai ta cinye gidaje masu yawa. Sai bayan yarjejeniyar Faris ta 1947 ya koma hannun Girka. Yawancin zuriyarsu suna Ostareliya yanzu, musamman Fat da Sidni da Melbon, sun ninka na gida sau da yawa, su ne ke dawowa da rani suna gyara gidajen kakanni masu fenti kala-kala da kuke gani a hoto.

Kuma ƙaramin wurin nan ba ya rabuwa da labarai. A bakin ruwansa Firaminista Joj Papandireyu ya tsaya a watan Afrilun 2010 ya sanar da cewa Girka ta nemi ceto daga Tarayyar Turai da Asusun Lamuni na Duniya. A 2020 kuma saura ƙiris jiragen yaƙin Girka da Turkiyya su gwabza a kan ruwan da ke kudu da shi, lokacin da Turkiyya ta aika jirgin binciken iskar gas Oruc Reis. Rigimar ita ce ko tsibiri mai faɗin murabba'in kilomita 9 zai ba Girka haƙƙin arzikin teku mai faɗi a gaban doguwar gaɓar Turkiyya. Akwai ma wata tsohuwa, Despina Akiladiyoti, da ta zauna a wani ɗan dutse kusa da shi mai suna Ro, kullum tana ɗaga tutar Girka shekara da shekaru har ta rasu a 1982, a can aka binne ta.

Alhaji Na-Kwari (Kano): Kawu, tambaya aka yi kan tikiti, ka buɗe mana aji. Za a yi jarrabawa ne?

Kawu Malamin Tarihi (Katsina): Alhaji, ko an yi ba za ka ci ba. Amma akwai amfani a ciki: saboda wannan rigimar akwai sojoji a tsibirin, kada Malam ya ɗauki hoton wurarensu, kada kuma ya tayar da ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama.

Barista A. (Abuja): Kawu, na ji tarihi, ya kuma burge ni. Amma bai amsa maganar biza ba.

Injiniya (Pireyas): Barista, amsarta tana cikin yadda za a tsara kwanakin, ba sai an fasa tafiya ba. Matsalar da nake gani kullum a nan ita ce mutum ya jera jirage uku a rana ɗaya: ya bar tsibiri da safe, ya kama na Rodos da rana, ya kama na gida da dare. Ɗaya ya zame, duka sun zube. Da rani akwai iskar arewa da ake kira meltemi, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta amma tana taɓa Satumba. Idan ta kai mataki 9 a ma'aunin Bofot, galibi hukumar tasha kan hana jirage fita, apagoreftiko suke cewa, ƙanana kuwa tun kafin nan ake tsayar da su. Ruwan da ke kewaye da Kastelorizo kansa yana iya zama lafiya lau, amma jirgin da zai zo ɗaukarka yana ɗaure a Pireyas saboda iskar tsakiyar teku. Ga kuma yajin aikin ma'aikatan jiragen ruwa, in ƙungiyarsu ta kira babu jirgin da ke motsi, ko da yake ana sanarwa kwanaki kafin nan.

Don haka ni ga shawarata. Juma'a ka yi salla a masallacin Botanikos na Atina, wanda aka buɗe a 2020, da yamma ku tashi zuwa Rodos ta sama. Ku kwana. Daga Rodos ku shiga tsibirin ta ruwa, awa uku zuwa huɗu ne a babban jirgi. Dawowa kuma ku bar tsibirin ranar Litinin, da duk abin da ya samu, jirgin sama ko na ruwa. In na Litinin ya ƙi, kuna da Talata. Daren Talata ya same ku a Atina.

Ɗan Maraɗi (Marsel): To ai ka cinye masa hutun, Injiniya. Asabar ya isa, Litinin ya fita. Kuma akwai dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004: in an soke jirgi dole kamfani ya mayar maka da kuɗinka ko ya sa ka a wani, ya kuma ba ka abinci da masauki.

Barista A. (Abuja): Ɗan'uwa, wannan fagena ne. Dokar tana nan, amma in iska ce ta jawo sokewar babu diyya, sai kulawa da canjin jirgi. Babban abin kuma, tikitin Malam na komawa gida daban aka saye shi. Kamfanin da zai kai shi Najeriya ta Alƙahira ko Istanbul ba ruwansa da cewa wani ƙaramin jirgi bai sauka a wani tsibiri ba. Bai zo ba, kujerarsa ta tafi, sabon tikiti na mutum biyu a farashin ranar. Dokar biza ta yarda a tsawaita wa mutum in larura ce ta fi ƙarfinsa, amma sai ka je ofishin 'yan sanda da takardun shaida, ba abin da za ka so ka yi da iyali ba ne. Na yarda da tsarin Injiniya. In za a je, a je haka.

Ɗan Maraɗi (Marsel): Na sauko a kan ranar dawowa. Amma a shiga ban sauko ba, ta sama ta fi sauri.

Hajiya Maman Walid (Landan): Ɗan Maraɗi, shiga ta ruwa ita ce rabin abin da aka je gani. Jirgi yana zagayo dutse sai ga garin gaba ɗaya a gabanka, gidaje jere a bakin ruwa, ga hasumiyar masallaci da jar ƙubba a bakin mashiga, ga kangon ganuwar jan dutse a sama. Ta filin jirgin sama ta bayan gari za ka shigo.

Ustaz Abu Maryam (Kumasi): Tun da Hajiya ta ambaci masallaci: na zamanin Usmaniyya ne, na ƙarni na 18, amma yanzu gidan tarihi ne, ba a salla a ciki. Malam ya tafi da dardumarsa. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, ta fi karkata kudu, ba gabas kamar yadda muka saba a gida ba. Matafiyi ne, yana da rangwamen ƙasaru. A cikin jirgin ruwa ya fuskanci alƙibla ya yi a tsaye in zai iya, in jiri ko tangaɗi ya hana ya zauna. A Rodos kuwa akwai Musulmi 'yan asalin wurin masu jin Turkanci, masallacin Ibrahim Fasha a cikin tsohon gari ana salla a cikinsa.

Sadiƙu Mai Waya: Ustaz, abinci fa? Na ga hotunansu suna shanya wata dabbar ruwa mai hannu takwas a igiya.

Ustaz Abu Maryam (Kumasi): A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, har ita, har jatan lande da kaguwa. Ko zuciya za ta karɓa, wannan ba fiƙihu ba ne. Abin lura shi ne nama: tsiren da suke ce wa sublaki da naman da ake yankowa daga sanda mai juyawa, a Girka yawanci alade ne sai in an ce kaza. Wasu kuma suna dafa abincin teku da giya, a tambaya.

Hajiya Maman Walid (Landan): Kifi gasasshe, burodi, salak da cuku, wake, ba za su ji yunwa ba. Maman Ilham ta saka yajinta a jaka. Ku riƙe tsabar yuro, kada ku dogara da kati kaɗai a wuri ƙarami haka. Magungunan da kuke sha ku taho da isassu, asibitin wurin ƙarami ne, babbar matsala sai Rodos. Kuma babu rairayin bakin teku irin na hoto, mutane daga bakin dakali suke sauka ruwa ta tsani, wani lokaci ka ga kunkurun teku yana yawo a tsakanin kwale-kwale. Akwai kogon nan mai shuɗin ruwa, da safe ake zuwa a ƙaramin kwale-kwale, bakinsa gajere ne sai kowa ya kwanta a ciki kafin a shige, in ruwa ya ɗan tashi ba a shiga. Masu ƙarfin gwiwa kuma akwai matakala wajen 400 da ke hawa dutsen bayan gari, a hau da sassafe kafin rana ta buɗe.

Mai Unguwa (shugaban zaure): Na cire saƙonni biyu na wani da ke tallar "haɗa biza cikin kwana uku". Jama'a a kiyaye, ba a wannan a nan.

Baban Ilham (Zariya): Salamu alaikum, na dawo. Na duba fasfo. Nawa 01 ne, na Maman Ilham ma haka, kuma kwanakin da aka ba mu sun wuce ranar tafiyarmu da kwana biyu kacal. Maganar Kash ta mutu, za mu hango ta daga nesa. Na kuma tambayi uwargida kamar yadda Hajiya ta ce, ta ce awa huɗu za ta iya, kwana guda kuwa in tafi ni kaɗai. Don haka tsarin Injiniya muka ɗauka. Na duba jadawalin wannan makon, akwai jirgin ruwa daga Rodos da ya dace da mu, dawowa kuma na kama kujera biyu a ƙaramin jirgin sama.

Ummi (Antaliya): Alhamdu lillahi. Baba, in kun hau matakalar nan ku ɗago mana hannu.

Injiniya (Pireyas): Madalla. Ka sake duba jadawalin ana saura mako guda, sannan ana gobe tafiya, don yana canzawa, kuma ka sa lambar wayar da za ta yi aiki a Girka a tikitin, ta nan suke turo saƙon canji. Manyan akwatuna ku bar su a otal ɗin Atina, ƙaramin jirgin ba ya son kaya, a tsibirin kuma da ƙafa za ku ja su. In kun sauka Atina ka yi mini magana ta akwatin sirri, gidana ba nisa da tashar jirgin ƙasa, iyalina za su so su ga Maman Ilham.

Alhaji Na-Kwari (Kano): To tunda an nace, Malam ka duba mini ko akwai shagon haya a bakin ruwan. Mutum 500 kuma babu mai sayar da atamfa ko ɗaya, ai wannan kasuwa ce.